An Sayar da Rediyo da Muryar Tahiru a Ciki

Tahiru ya rasu cikin damina, a watan da aka sayar da gidan rediyon da yake wa aiki. Abu biyun sun zo kusa da juna har mutanen unguwar Briqueterie suka riƙa haɗa su a numfashi ɗaya. Mace za ta shigo wa matarsa Saliha gaisuwa, ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa," sannan ta ce, "Kin kuwa ji an sayar da rediyo?"

Rediyon ba wani babban abu ba ne. Ɗaki biyu ne a saman shagon teloli, da dogon ƙarfe a kan kwano wanda iska ke kaɗawa in hadari ya taso. Alhaji Zakiyyu mai yadi ne ya kafa shi tun ƙafafunsa na iya hawa matakala. Aikin Tahiru a ciki shi ne sanarwa. Kowace safiya, in an fito masallaci gari ya fara haske, sai ya hau sama ya gaida unguwa sana'a-sana'a: teloli, masu soya (tsire ke nan), masu makala (fanke ke nan), 'yan taksi, mahautan Etoudi. Daga nan ya faɗi wanda ya rasu, da wadda ta haihu, da inda za a ɗaura aure. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci.

Mutanen unguwa ba sa tambaya a kan sanarwar Tahiru. In ya ce an yi rasuwa, tela ya ɗauke ƙafa daga keke, mai soya ya yayyafa wa wuta ruwa, mahautan Etoudi su wanke hannu su cunkusa cikin taksi, ko da ba su taɓa jin sunan mamacin ba. Haka aka saba. Yawancinsu daga arewa suka gangaro, dangi na nesa, kowa ya san wata rana shi ma waɗannan mutanen ne za su ɗauke shi.

In ya gama kuma akwai maganar da yake rufewa da ita, bai taɓa fashi ba: "Wadda ke kusa da murhu ta ɗora ruwan shayi, ga ni nan tafe." Duk unguwa ta san da wa yake. Tun Saliha na amarya mata ke tsokanarta da maganar a bakin famfo, har ta gaji da jin kunya. Suka haifi Umaima, ta girma, aka kai ta aure Meiganga, ruwan shayin bai daina hawa murhu ba.

Zancen doka kuwa, Saliha ba ta san komai a kai ba sai abin da ta tsinta a bakin masu gaisuwa. Wai da can ba a barin hannu ɗaya ya tara gidajen rediyo da yawa, yanzu an sassauta. Wani kamfani daga Duwala ya shiga sayen ƙananan, ya ɗauki na Elig-Edzoa, ya ɗauki wani can bayan tasha, sannan ya zo kan nasu. Alhaji Zakiyyu ya tsufa, 'ya'yansa sun fi son yadi, ya sa hannu. Sababbin masu gida suka sallami ma'aikata, safiya ta koma kiɗa da Faransanci. Tahiru yana kwance a asibiti lokacin, bai ma ji ba. Saliha takan ce gara da bai ji ba.

Akwai wata al'ada a unguwar. In mutum ya rasu, duk wanda ke riƙe da wani abu nasa sai ya mayar da shi gida, komai ƙanƙantarsa, ba sai an tambaya ba. Tela ya kawo rigar da bai gama ɗinkawa ba, da alli a jikin wuyanta. Mai gyaran takalmi ya kawo ƙafa ɗaya, ya ce ɗayar tun bara Tahiru ya karɓa. Wani ɗan taksi ya kawo laima. Alhaji Zakiyyu ya aiko da kofin silbar da Tahiru ke shan ruwa da shi a sama. Saliha ta jera su duka a kan akwati.

Abin da ba wanda ya kawo shi ne muryarsa.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana magana da unguwa, bai bar wa matarsa ko kalma ɗaya a waya ba. Ƙaramar waya ce da shi mai maɓalli, kuma in ya dawo gida ba shi da surutu, cewa yake ya ƙarar da maganarsa a sama. Da farko Saliha ba ta damu ba, don tana jin sa a kunnenta ko ina ta juya. Sai wata rana tana tankaɗe, ta nemi yadda yake cewa "Etoudi", yadda yake jan ƙarshen, ta rasa. Ta sake nema, ta rasa. Fuskarsa tana nan a hoto. Muryar ce ke raguwa kullum kaɗan-kaɗan, kamar sabulun da aka manta a ruwa. Ta ajiye rariya ta zauna.

Tana takaba, ba ta fita. Sai ta roƙi yayarsa, Adda Fanta, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda ta tare wurinta tun ranar rasuwa, ta hau rediyo ta tambaya ko akwai abin da aka ɗauka na muryarsa.

Fanta ta dawo da azahar, ta zare takalmi, ta zube kan tabarma.

"Adda, kin samo?"

"Na samo ciwon ƙafa. Sun shafe wurin da jan fenti har matakala. Wata madam ce a kujerar Alhaji, Ngono suke ce mata, siririya kamar ba ta taɓa cin soya ba. Na ce mata ni yayar Tahiru ce, ta ce wane ne Tahiru."

"Wane ne Tahiru," Saliha ta maimaita a hankali.

"Na yi mata bayani da Faransancina na kasuwa. Ta ce ashiya, ashiya, wai sannunta ke nan. Ta ce e, akwai muryoyi cike da tsohuwar odinata, kwamfutar nan tasu, amma na kamfani ne yanzu, an saya tare da kujeru, ba ta da ikon ba ni ko tari ɗaya. Kuma in sabuwar odinata ta iso daga Duwala, tsohuwar gogewa za a yi."

"A goge?"

"Fes. Kamar an wanke allo."

Daga ranar Saliha ta lulluɓe rediyon ɗakinta da tsohon ɗankwali, ta daina kallon wajen.

Wata safiya, an kwana ana ruwa, tsakar gida duk jar laka, ta fito ta tsuguna tana fifita gawayi. Ta bayan katanga, daga ɗakin maƙwabta, sai ta ji an yi gyaran murya. Gyaran murya kawai. Mafici ya suɓuce daga hannunta.

"Salamu alaikum, Briqueterie. Teloli, ina kwananku? Masu soya, an tashi lafiya? Mahautan Etoudiii..."

Ga shi nan, yadda yake jan ƙarshen. Ta kasa tashi, ta kasa kiran Adda. Ya gaida kowa, ya shiga sanarwa, ita ba ta riƙe ko suna ɗaya ba, sautin kawai take sha. Da ya ce wadda ke kusa da murhu ta ɗora ruwan shayi, hannunta ya miƙa da kansa ya ɗora butar. Sai da ruwan ya fara ƙara sannan ta tuna babu mai zuwa. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Daga baya aka gane yadda aka yi. Izinin da aka ba rediyon ya ce dole kullum a ba harsunan unguwa lokaci. Sababbin masu gida ba su da mai jin Hausa ko ɗaya, sai mai kula da na'ura ya buɗe tsohuwar odinata, ya ga shirye-shiryen safe jibge, ya ɗauko ɗaya ya saka. Bai san abin da ke ciki ba.

Abin da ke ciki kuwa sanarwar shekarun baya ce. Tahiru ya faɗi rasuwar Inna Zaituna mai makala, ya ce jana'iza bayan azahar. Inna Zaituna ta daɗe a ƙasa, ciyawa ta rufe kabarinta. Amma Etoudi da nisa, mutanen shanu kuma yau suna nan gobe suna Ngaoundéré. Wasu ba su ji rasuwar Tahiru ba. Wasu sun ji, amma suka ce rediyo dai ba zai faɗi mutuwa da wasa ba. Kafin azahar taksi sun sauke mahauta a ƙofar gidan, kowa da wankakkiyar riga. 'Yar marigayiyar ta fito da kwanon wanke-wanke, ta tarar da maza jere suna yi mata ta'aziyyar uwarta, ta zube a wurin.

Washegari aka saka wani. A wannan, Tahiru ya gayyaci jama'a ɗaurin auren Adda Fanta da Adamu mai taksi, auren da bai ga damina ta biyu ba.

Fanta ta dawo daga kasuwa tana huci.

"Kin ji abin da ƙanena ya yi mini daga kabari? Ya sake ba Adamu ni! Tun daga karfur, can mararraba, ake yi mini guɗa. Wata ma har tana tambayata wane zane ne anko."

Saliha ta danne baki da mayafi, amma dariyar ta kubce. Ita ce ta farko tun rasuwar.

"Yi dariya, yi. Shi kuma ɗan banzan Adamun ya tsayar da taksi a gabana, wai amarya shigo in kai ki."

"Kin shiga, Adda?"

"Da wannan ruwan? Na shiga mana. Amma baya na zauna."

Saliha ta yaye ɗankwalin daga kan rediyo. Kowace safiya tana zaune a gabansa tun kafin a fara. Ta san abin yana ɓata wa mutane rai. An tayar wa wasu da tsohon miki, an sa wasu sun rufe shago a banza, wata ta kai kayan barka gidan da jaririn ya riga ya shiga makaranta. Tana jin kunyar daɗin da take ji, amma ba ta iya hana kanta ba.

Ran nan bayan la'asar aka yi sallama. Malam Siddiƙ ne, limamin unguwa, tare da Babba, wanda mahautan Etoudi ke sawa gaba in za a yi magana. Suka tsaya bakin ƙofa, labule tsakaninsu da ita.

"Maman Umaima," in ji Babba, "zuwa muka yi mu ce ki kwantar da hankalinki. Gobe za mu hau sama mu sa su kashe abin nan, su goge shi gaba ɗaya a gabanmu. Ba za a riƙa tayar da bawan Allah kowace safiya ana ƙona miki zuciya ba."

"Wanda ya tafi a bar shi ya huta," in ji Malam, "mu ma da muka rage mu huta."

Alheri suka zo yi mata, ta sani. Har ta buɗe baki za ta ce ta gode. Sai ta ji in ta faɗa, shi ke nan, gobe war haka babu sauran inda za a ji Tahiru a duniya.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ina ji."

"Mai takaba tana iya fita da rana?"

"In da lalura tana fita, ta dawo ta kwana ɗakinta. Asibiti za ki?"

"Rediyo."

Fanta da ke tsintar shinkafa ta ɗago kai.

"Malam, da tela ya kawo rigar Baban Umaima, kai ka ce ya kyauta. Mai takalmi ya kawo ƙafa ɗaya, ka ce ya sauke nauyi. To muryarsa tana hannun mutane, ba su kawo ba. Ni ba ni da ita a ko'ina. Na fara mantawa, Malam. Kafin a fara sakawar nan, na nemi yadda yake magana na rasa. In za a goge, a fara kawo mini tawa."

Babba ya yi ajiyar zuciya. "Wallahi tunanina bai kai nan ba."

Malam ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Ban taɓa karanta inda aka lissafa murya cikin kayan mamaci ba. Amma ban ga inda aka hana ba. Ki sa mayafinki, Fanta ta raka ki. Tare za mu."

Washegari da hantsi suka fita. Saliha ba kwalli, ba turare, da tsohon zane mai duhu. Rabonta da lungun tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti. Suka bi gefen kwata suna tsallake laka, masu shaguna na ganinta suna rage murya. Malam da Babba na gaba, mahauta na biye.

Ba ta taɓa hawa saman ba sai ranar. Ɗakin ya fi yadda take zato ƙanƙanta. Ga kujera, ga abin magana da soso a bakinsa, ga ƙusa a bango wadda fenti ya bi ta kanta. Ta san ƙusar ba tare da an faɗa mata ba. Nan yake rataye hula.

Madam Ngono ta miƙe tsaye da ta ga mahauta sun cika ƙofa. Labarin jana'izar Inna Zaituna ya riga ya iso mata, kuma da gani ba ta yi barci mai daɗi ba. Ta haɗa hannu biyu tana ta "pardon, pardon", ta zuba Faransanci da sauri.

"Ta ce kuskure ne," in ji Babba. "Ta ce yanzu-yanzu za ta sa a goge komai, mu gani da idonmu."

Mai kula da na'ura har ya juya kujera ya kai hannu.

"Kar ya taɓa," in ji Saliha.

Ba ta ɗaga murya ba, amma hannun ya tsaya. Ta ce wa Fanta ta faɗa wa madam cewa ita ce matarsa, ba ta zo rigima ba, ba ta son kujera ko odinata, muryar mijinta kawai take so a ba ta, ko kaɗan ne, kafin a goge. Fanta ta juya maganar da Faransanci, ta daɗe fiye da yadda ya kamata.

"Adda, me kika ƙara?"

"Na ce mata in ta goge ba ta ba ki ba, ita za ta tare gidan Adamu a madadina."

Wani mahauci ya tuntsire da dariya, Malam ya harare shi.

Madam ta ɗauki waya ta kira Duwala. Suna tsaye suna jin muryar namiji daga can, gajeriya, ba ta ba da fili. Ko wanda ba ya jin Faransanci ya gane amsar. Ta ajiye wayar, ta zauna ta dafe goshi.

Can madam ta ɗago ta tambayi Fanta wani abu. Wai mai na'ura ya lura duk shirin da ya buɗe, da magana iri ɗaya yake ƙarewa. Mece ce ma'anarta? Addu'a ce?

Fanta ta fassara mata, ruwan shayi da murhu da ga ni nan tafe. Sannan ta nuna Saliha da haɓa. "Ga mai murhun nan."

Madam ta dubi Saliha, ta dubi hannunta da gawayi ya ɓata wa farce. Da ta yi magana, a hankali ta yi, tana kallon silin.

"Ta ce me, Adda?"

Fanta ta fara murmushi. "Ta ce abin da ke cikin odinata na kamfani ne, ba ta da ikon miƙa wa kowa. Amma abin da ta sake a iska, ita ba ta san inda yake sauka ba. Kuma ba wanda ya ɗora mata gadin wayoyin mutane."

Nan aka tsayar da magana. Gobe da safe Malam zai hau sama ya yi magana da bakinsa, ya ce muryar da za a ji ta marigayi Tahiru ce, ba jana'iza, ba aure, ba suna, kowa ya zauna inda yake. Sannan a saka gaisuwarsa da rufewarsa kawai, sau ɗaya. Bayan nan a goge, kamar yadda maza suka nema. Fanta ta zauna da mai na'ura suka zaɓi wadda muryar ta fi fita.

Wayar Saliha ba ta ɗaukar magana. Ta Fanta ce babba, mai tsagaggen gilashi. Tun gari bai gama wayewa ba suka jingina ta jikin rediyo, suka tokare da kofin silba. Malam ya yi bayaninsa, ya maimaita har da Fulatanci. Sai aka yi gyaran murya.

"Salamu alaikum, Briqueterie. Teloli, ina kwananku?"

Saliha ta runtse ido. Yana kaiwa kan masu soya, wayar Fanta ta ɗauki kuka, ta zame daga jikin rediyo ta kife. Fanta ta daka tsalle ta wawure ta, tana dannawa tana zagi. Kafin ta kashe kiran ta nemo wurin ɗauka, Tahiru ya ce ga shi nan tafe. Kiɗa ya biyo baya.

Suka saurari abin da wayar ta kama. Gyaran murya, teloli, sai ƙarar kira. Ko Etoudi bai kai ba.

Wayar ta sake kuka. Fanta ta ɗauka kamar za ta cije ta.

"Adamu! Allah ya isa tsakanina da kai! Me ka kira ni ka ce?"

Ta saurara. Ta sauke wayar a hankali.

"Wai kira ya yi ya tuna mini kar in manta in ɗauka."

"Ba komai, Adda," in ji Saliha. "Na dai ji shi. Allah bai nufa ba." Ta san a daidai lokacin nan mai na'ura yana gogewa. Ta miƙa hannu za ta mayar da ɗankwali kan rediyo.

Aka yi sallama. Matar telan da ke ƙasan rediyo ce, da wayar mijinta a hannu.

"Maman Umaima, wai in kawo miki. Ya ce ki yi haƙuri, yaran shago ba su tsayar da keke da wuri ba, akwai ƙara a farko."

Ta danna. Ga Tahiru tun daga sallama har ruwan shayi, keken ɗinki na tafiya a ƙarƙashinsa, sannan ya tsaya cak.

Saliha ba ta gama share ido ba aka sake sallama. 'Yar Inna Zaituna ce, wadda ta zube a ƙofar gida kwanan baya. A tata ana jin mai na soya makala. Ta ce, "Shi ya faɗi rasuwar innata, har sau biyu. Ba zan riƙe abinsa a hannuna ba." Sai mai gyaran takalmi. Sai wata tsohuwa da Saliha ba ta ma sani ba, daga Elig-Edzoa, wadda jikarta ta ɗaukar mata. Ba wanda ya aike su. Jiya labari ya zaga cewa muryar Tahiru ba ta koma gida ba, kowa kuwa ya san abin da ake yi da kayan mamaci.

Adamu ma ya zo. Ya tsaya nesa da ƙofa, inda Fanta ba za ta iya jifansa ba, ya miƙo wayar wani fasinja. A tasa akwai hon da wata mata na cewa a sauke ta a karfur.

Babba ne ya zo ƙarshe, don Etoudi da nisa. Ya miƙa wa Fanta wayar ta gefen labule. Da aka danna, sai kukan shanu da saran gatari a kan ƙashi. Tahiru ya gaida teloli, ya gaida masu soya, saran bai tsaya ba. Da ya ce, "Mahautan Etoudiii," sai gatari ya yi shiru, maza da yawa suka amsa baki ɗaya, "Lafiya lau, Tahiru!"

"Haka muke amsa masa kullum," in ji Babba daga waje. "Shi dai bai taɓa ji ba."

Matar tela ta tattara su duka a kati ɗaya, ta zura a rediyon Saliha, ta nuna mata inda za ta danna. Aka tura wa Umaima nata can Meiganga. Rediyon sama bai koma yadda yake da ba. Kiɗan Duwala ya ci gaba, kuma an daɗe ana jan magana kafin a samu wanda zai riƙa karanta sanarwa da bakinsa. Amma wannan ba shi ne a ran Saliha ba a ranar. Wani nauyi ne ya sauka daga ƙirjinta, har ta ji yunwa, abin da ta kwana biyu ba ta ji ba.

Ta sake danna ta Etoudi. Ta saurara har ƙarshe, har inda ya ce wadda ke kusa da murhu. Ta leƙa tsakar gida. Mata sun cika tabarmi, maza na tsaitsaye a lungu, ba wanda ya karya. Ta tashi ta wuce ƙaramar butar, ta ɗauko babbar tukunya ta cika da ruwa.

"Har da Adamu za a ba?" in ji Fanta.

"Har da shi, Adda."

"To nasa kar a sa sukari."

Saliha ta tsuguna ta ɗauki mafici. Gawayin ya kama da wuri.